Malam Ilu, Wanda Ya Koya wa Mota Sallama

Ranar Alhamis da ta wuce aka fitar da motar ɗaga kaya ta ƙarshe mai shan fetur daga babban siton da ke bakin layin dogo a Kano. Yanzu duka ukun da ke aiki a ciki na batir ne. Ranar Asabar da hantsi Malam Ilu, tsohon helman siton, wato shugaban leburori, ya rasu a gidansa da ke Ɗansoshiya. Labaran biyu a takarda ɗaya suka iske ni a ofishin jarida, da rubutun ƙanena Sale, wanda direba ne a siton. Na farkon ya rubuta shi da tawada. Na biyun da fensir ya ƙara shi a ƙasa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kafin in shiga aikin jarida na yi shekara biyu ina akawu a wannan sito. Ran da na fara, Malam Ilu ya tambaye ni garinmu, na ce Bebeji. Ya ce, "To, ashe ɗan gida ne. In ka ga ana cutarka ka faɗa mini. In kai ke cutar wani, wannan ni zan faɗa maka." Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda ba ya zama cin abinci sai ya ga kowane lebura ya wanke hannu. Ya yi karatun allo ya sauke, bai yi boko ba. Malam Akawu yake ce mini, har bayan na bar aikin.

Siton dogon gini ne mai rufin kwano, tagoginsa ƙanana can sama saboda ruwa da ɓarayi. Duk abin da jirgin ƙasa ya kawo daga kudu nan ake jibge shi: gishiri, siminti, dilolin yadi. Da ka da baya ake ɗauka, har kamfani ya kawo motoci uku masu cokula biyu na ƙarfe a gaba, waɗanda ke sunkutar kaya su ɗora a sama. Leburori suka sa musu suna masu ƙaho. Kowa ya yi murna, Malam Ilu ma ya yi, don ya san dattawan da bayansu ya lanƙwashe a ƙarƙashin buhun gishiri. Shi ya fara koyon tuƙinsu, da furfurarsa, sannan ya koya wa Sale da wasu biyu.

Ba a yi nisa ba aka gane abin da aka sayo. Mota uku suna ruri a cikin rufaffen gini tun safe, hayaƙinsu ba shi da hanyar fita. Kafin azahar kan kowa na sarawa. Na sha ganin ƙato ya ɗago daga sujada ya dafa bango. Malam Ilu ya zo ya ce in rubuta wa manaja takarda da Turanci. Na rubuta. Amsa ta zo cewa a riƙa buɗe ƙofofi. Ƙofofin kuwa dama a buɗe suke.

Wata rana aka kawo kayan gyara a naɗe cikin shafukan wata mujallar 'yan kasuwa. Ina warware su na ga hoton mai ƙaho, an rubuta a ƙasa cewa da batir take aiki, a yi mata caji da wutar lantarki in an tashi. Na nuna masa. Ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce, "Ta ina hayaƙinta ke fita?"

Na ce, "Ba ta da shi, Malam."

Ya ce, "Ka karanta da kyau, Malam Akawu. Kada ka sa in je in ji kunya."

Na sake karantawa. Ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa, kuma ta yi watanni a can.

Abin da ya yi bayan haka shi ne halinsa gaba ɗaya. Bai tara mutane ba, bai yi barazanar barin aiki ba, a lokacin da gari ke cike da taro da maganar mulkin kai. Ya je wa manaja, wani Bature mai jin Hausa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙo ka zo ka ga alwalarmu." Baturen ya ɗauka maganar wurin salla ce, ya biyo shi bakin famfo. Malam Ilu ya ajiye farar tasa a ƙasa. Mutane suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shaƙa ruwa ya fyace a ciki. Kafin na goma ruwan ya zama kamar na wankin allo.

Malam Ilu ya ce, "Wannan na rabin yini ne, ranka ya daɗe. Kuma wanda ya yarda ya fito ke nan. Huhu ba buhu ba ne, ba a zazzage shi."

Baturen ya daɗe yana duban tasar. Ya ce, "Me kake so, Helma?" Malam Ilu ya cire hula ya miƙa masa hoton.

Sai da aka ci kaka biyu kafin ta farko ta iso, don gwaji. Ni na riga na bar siton, amma nakan leƙa in na je Kano. An ba Sale tuƙinta. Ba hayaƙi, ba ruri, sai ɗan zuu kamar na sauro. A nan matsalar da babu wanda ya hango ta ɓullo. Shekara da shekaru mutanen siton da kunne suke tsare kansu. In ka ji ruri ya matso, ka raɓe. Wannan kuwa sai dai ka gan ta a kanka. A mako na uku wani dattijo mai ɗinkin buhu, Tanko, ya fito daga bayan tsibin gishiri, ƙahon ya same shi a ƙafa, ya karye. Sale ya sauko ya ce shi da ita har abada, ya koma kan mai fetur.

Leburori da kansu suka je wa manaja. Suka ce a mai da kyanwar nan inda ta fito, gara hayaƙin da suke ji da abin da ke zuwa a ɓoye. Manaja ya yarda. An gwada busa ham, bai yi ba: rufin kwano yana mai da ƙarar ta kowane ɓangare, ga manyan motoci a waje suna ta busawa tun safe, har kunne ya daina kula. A ranar, duk abin da Malam Ilu ya yi shekaru yana nema saura kaɗan ya koma jirgi.

Ya roƙi a ba shi zuwa ƙarshen damina. Ya hau motar da kansa. Da ya zo kwanar farko ya tsaya cak, ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum." Wani daga bayan siminti ya amsa kafin ya yi tunani, kamar yadda kowane Musulmi zai yi. Malam Ilu ya ce, "To na ji inda kake. Raɓe dama." Ya wuce. Ya kafa ƙa'ida: direba ba ya karya kwana sai ya tsaya ya yi sallama. In an amsa, ya san inda mutum yake. In ba a amsa ba, ya sake, sannan ya shiga a hankali. Ya ce, "Abin da ba ya sallama ba ya shiga sitona, ko mutum ko ƙarfe."

An yi masa dariya. Wasu kan amsa da cewa, "Maigidan ba ya nan, a dawo gobe." Ya ce ba komai, wanda ya yi ba'a ma ya faɗi inda yake. Limamin da ke jan su salla ya tare shi ya ce, "Ilu, yanzu buhu kake yi wa sallama?" Ya ce, "Allah gafarta malam, in babu kowa a bayan buhun, ban yi asarar komai ba. In akwai, ya tsira da ƙafarsa." Kafin damina ta ɗauke har akawun da ya gaje ni, mutumin kudu wanda ba Musulmi ba, ya iya amsawa, manaja ma haka, da nasa karkataccen harshen. Ba a sake taka kowa ba. Motar ta zauna, bara aka kawo ta biyu.

Shi kuwa tari ya riga ya kama shi. Likita bai ce hayaƙi ne ba, ni ma ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne ya fi kowa daɗewa a cikin ginin nan, kuma shi ke sallamar mutane su fita shan iska ya tsaya. Da shukar bana ya ajiye aiki ya koma gida.

Na je gaishe shi wata biyu da suka wuce. Na sauka a Kafin Maiyaƙi, na ari keke na ƙarasa. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame, dawa ta yi kai a bayan gida. Bayan gaisuwa bai tambaye ni komai ba sai, "Saura nawa?"

Na gane masu fetur yake nufi. Na ce, "Saura ɗaya, Malam."

"Wa ke kanta?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Sale." Ya yi tari mai tsawo. "Na ji nasa tarin kafin in taho. Irin nawa ne, sabo. Ka ce masa Tanko ya yafe tun a asibiti. Shi ne bai yafe wa kansa ba, yana biya da ƙirjinsa, kuma ba wanda ya tambaye shi."

Na isar da saƙon yadda ya faɗa. A takardarsa Sale ya rubuta cewa ran Alhamis, da aka jawo tsohuwar waje, sabuwar tana tsaye ba direba, shi ya hau. Ya zo kwanar gishiri ya tsaya ya yi sallama. Tanko ne ya amsa daga wurin ɗinkinsa, ya ce, "Wa alaikumus salam. Shigo, ai ɗaya ƙafar na ɗauke ta." Sale ya ce a ranar ya yi alwalar la'asar, ruwan ya fito fari.

Na yi baƙin cikin rasuwar Malam Ilu, amma ba zan ɓoye ba, da na kai ƙarshen takardar ajiyar zuciya na yi. Mahaifiyarmu a Bebeji ta yi shekara tana sauraron tarin Sale duk zuwan da ya yi gida. Akwai gidaje da yawa irin namu daga Kiru zuwa Tudun Wada, waɗanda 'ya'yansu ke ci daga siton nan. Yawancinsu ba su san sunan mutumin da ya ajiye tasa a bakin famfo ba.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Yadda ya nema wa bayin Allah iska mai kyau, Allah ya shaƙar da shi ƙanshin Aljanna, mala'iku su tarbe shi da sallama. Allah ya ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri, ya albarkaci abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Abu ɗaya ya rage da ban tabbatar ba. Ran Alhamis ɗin Sale ya ba wani direban babbar mota saƙo, a gaya wa Malam Ilu an fitar da ta ƙarshe. Direban ya ce ya faɗa wa wani mai sayen hatsi a Kafin Maiyaƙi wanda zai shiga Ɗansoshiya. Da na je ta'aziyya, Inna Hajo ta ce mini ran Juma'a wani baƙo ya zo a keke, ya yi sallama ya shiga zaure, bai daɗe ba ya fita. Ba ta ji abin da suka ce ba. Ta dai ce bayan tafiyarsa Malam ya nemi fura, ya shanye, abin da ya yi mako bai yi ba. Mai sayen hatsin ya wuce Doguwa. An ce ran kasuwa zai dawo.