Ranar da Na Buɗe Baki a Naƙuda

A gidanmu a Argungu mace ba ta kuka a naƙuda. Haka Inna, mahaifiyata, ta tarar, haka kuma ta koya mini tun ina goyon cikin fari a ɗakinta. Ki shiga ɗaki, ki durƙusa, ki ciji bakin zane, kada ko kaza ta ji ki. Sai an ji kukan jariri sannan a aika ungozoma ta zo ta yanke cibi. Ni kuwa na iya, har da yanga. Haihuwa uku na yi haka. Ta biyun ma sai da na gama tuƙa tuwon shinkafa na kwashe, sannan na shige. Mata na zuwa barka suna cewa, "Wagga ɗiya akwai zuciya," kaina sai ƙara kumbura yake.

Ta huɗu ce ta karya ni. Wuni na yi a durƙushe. Ciwon ba irin mai zuwa yana tafiya ba ne, riƙe mini mara ya yi kamar an ɗaure da igiya, ya ƙi saki. Na yi shiru yadda na saba. Yaron ya fito, namiji cikakke har da suma, amma bai zo da rai ba. Na yi wankan jego babu goyo, nono na zuba yana jiƙa mini riga. Wannan baƙin cikin har yau ban gama haɗiye shi ba.

Da na sake samun ciki na ce wa maigidana wannan karon a babban asibiti zan haihu, a Birnin Kebbi. Naƙudar ta taso ana yankan shinkafa, ya fara kawo mini zancen fadama. Na ce shinkafa ta jira, ni ba zan sake binne ɗa ba. Ya ga babu wasa a fuskata, ya nemo mota. Inna ta biyo ni tana ƙunƙuni har muka wuce Ambursa.

Ɗakin haihuwar cike yake. Wata na kiran uwarta, wata na tsine wa mijinta. Ni na juya fuska bango, har da ɗan rainina a zuci. Nas biyu ne kawai, wadda ihunta ya fi sai su yi kanta. Ɗayarsu ta zo wucewa ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke da sauranki, ga ki nan lafiya lau." Ban ga laifinta ba, abin da na nuna mata ta gani.

Can sai ciwon nan ya zo, shi ɗin dai, mai ɗaure mara. Na dafa cikin, motsin ya ɗauke. Na raɗa wa Inna cewa irin na wancan karon ne.

"Daure, ɗiyata," in ji ta. "Mutane na kallo."

Na ce a raina su kalla. Na buɗe baki, wallahi da farko babu abin da ya fito, ban san ta inda ake farawa ba. Na sake jan numfashi, sai ga murya ta fito kamar ta mai tallan kifi. "Ku zo ku duba ni, ɗana zai mutu! Haka na rasa wancan!"

Nas ɗin ta dawo da gudu, ta saurari cikin, fuskarta ta canza. Kafin in ankara ana tura ni ɗakin tiyata.

Na farfaɗo na ga Inna zaune gefen gado, riƙe da jaririya tana motsa baki. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsa. Ba ta dube ni ba, jaririyar take kallo.

"Ni biyu na rasa haka kahin in same ki," ta ce a hankali. "Ba wanda ya ji ni."

Ta gyara zanen, ta miƙo mini ita. "Amshi, ba ta nono."