Takardar Waken Yaya Hajo

Talata: Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa

Ƙarfe shida saura kwata, da idar da sallar asuba, na rataya jaka na nufi tasha. Tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa, sai tsallake kududdufai nake yi. Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara talatin ina koyar da Faransanci, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe Bawa.

Abin da ya tashe ni, waya ce daga yayata Hajo, shugabar ƙungiyar mata manoman wake a wani ƙauye gaba da Gesheme. Wani kamfani na Yamai ya kawo musu takarda, yana son sayen wakensu tun yana fure a gona, an kuma ba su zuwa Alhamis su sa hannu ko su bari. Mutum biyu sun karanta musu, ba wadda ta gane. Matan sun rabu biyu, har wasu sun daina gaisawa a bakin rijiya. An turo mini hoton takardar, na karanta sau uku. Babu kalmar da ban iya furtawa ba, amma Faransancin kasuwa ne, ba na aji ba. Kunya ta hana ni gaya wa Yaya haka, sai na ce ina tafe.

Motar ta cika ƙarfe bakwai saura minti goma, jika guda ta sefa kowane mutum. A shingen jandarmomi na fitar gari muka nuna katin ɗan ƙasa, ba a tsare mu ba. Muka wuce Kiyeshe, hatsi ya fi mutum tsawo dama da hagu. Kusan kilomita arba'in ne zuwa Kore Mairuwa, muka isa takwas saura kaɗan.

Na sauka nan ne saboda Sa'idu, tsohon ɗalibina, wanda yanzu ke da mangaza, wato ɗakin ajiya da cinikin hatsi da wake, a bakin hanya. Yana ganina ya miƙe daga kan buhu.

“Mushe, lahiya da sassahe haka?”

“Karatu na zo ɗauka,” na ce masa.

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya sayo mini koko da ƙosai, ya karɓi wayata mai hoton takardar, yana bin layi da yatsa. Sannan ya fara warware mini ɗaya bayan ɗaya. *Vente à terme*, in ji shi, cinikin ajali ke nan: a yanke farashi yau, kaya sai kaka. In kasuwa ta faɗi lokacin, manomi ya ci riba. In ta tashi, mai saye ya ci. *Acompte* kafin alƙalami ne. *Cours du jour* kuwa shi ne yadda kasuwa ta ci a ranar, ba yadda aka yi alkawari ba.

“To ashe ba wata cuta a ciki,” na ce.

“Dibi nan ƙasa, Mushe.” Ya nuna mini wani layi da ni na wuce shi a guje. “In wake bai cika adadin da anka rubuta ba, su za su shiga kasuwa su sawo cikon, bisa farashin ranar, sannan ga tara. Shekarar da gona ta ƙi, ita ce shekarar da wake ka tsada. Nan wuyar take.”

Da ban tsaya ba, da na je na ce musu takarda lafiya lau take. Sa'idu ya ƙara da cewa malamai sun yarda da sayen amfanin gona kafin ya zo, amma da sharaɗi: a biya kuɗi duka tun farko, a san mudu, a san rana. Ya ce kada in ɗauki maganarsa kaɗai, a tambayi limamin garin. Na rubuta komai a bayan wata tsohuwar ambulan. Da zan tafi ya hana ni biyan kuɗin mota, shi ya sallami direba.

Tibiri da Gesheme

Daga Kore Mairuwa muka bar babbar hanya muka yi kudu cikin wata tsohuwar motar kaya, ni da direba a gaba, buhunan taki a baya. Tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai ta cinye mana awa ɗaya da rabi, saboda wani kwari da ruwa ya cika, sai da muka jira ya ja baya. Direban bai damu ba. “Ruwan nan shi ka biyanmu, Baba,” in ji shi, ya kashe mota ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

A Tibiri na yi sallar azahar, na sha hura mai sanyi ta dala ashirin. Motar Gesheme ba ta cika ba sai ƙarfe uku. Daga Gesheme kuma sai babur na kabu-kabu, jika ɗaya da rabi, muna ratsa gonaki, ganyen hatsi na marin gwiwata. Biyar da rabi na yamma na yi sallama a ƙofar gidan Yaya Hajo.

Ta tsufa fiye da yadda na bar ta bara. Ta kawo ruwa, ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka da kwanon kopto, wato kwaɗon zogale, ba ta ce komai game da takarda ba sai da na wanke hannu.

“Bawa, ka gane ta?”

“Na gane, Yaya. Amma sai da anka ganar da ni.”

“Ba komi,” ta ce. “Gobe ka hwaɗa muna da Hausa.”

Laraba: ƙarƙashin gawo

Ƙarfe tara matan suka taru ƙarƙashin wani gawo kusa da mangazarsu, su arba'in da wani abu. Zamansu kaɗai ya nuna rabuwar: masu so a gabas, masu ƙi a yamma. Na tashi na faɗi abin da Sa'idu ya koya mini, a hankali, kamar ina gaban 'yan aji ɗaya.

Ban gama ba wata tsohuwa, Inna Tani, jagorar masu ƙi, ta katse ni. “Mushe, wanga ba shi ne a-ci-ba-daɗi ba? Ka karɓi kuɗɗi da damana, kaka ta yi a kwashe maka rumbu. Shi ya raba mijina da gonarshi ta fadama.”

Na ce mata sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. A wancan, mai kuɗi ke yanka farashin da ya ga dama saboda ya san kana jin yunwa. A wannan, farashin da aka rubuta ya fi abin da suka saba samu da kaka. Masu so suka fara murmushi. Sai na karanta layin ƙasa, na fassara shi yadda yake. Wata mai goyo daga ɓangaren gabas ta ce a hankali, “To in tsutsa ta ci, mu sai da awaki mu sai ma kamhwani wake ke nan?” Na ce haka takarda ta ce.

Daga nan aikina ya ƙare, nasu ya fara. Abin da na kwana uku ina kokawa da shi, suka juya shi cikin awa guda kamar tuwo. Inna Tani ce da kanta ta kawo shawara: kada a sayar da duka, a sayar da kashi ɗaya cikin uku, wanda ko shekara ta ɓaci za a iya cikawa, sauran a ajiye a mangaza a jira kasuwa ta tashi. Wata ta ce a rubuta nauyin buhu da adadin tiya, kwanon awonsu, don kilo ba mudunsu ba ne. Aka aika wa liman, ya zo bayan azahar, ya faɗi daidai abin da Sa'idu ya faɗa, ya ƙara da cewa in gona ta ƙi, sai a mayar wa mai saye kuɗinsa ko ya yi haƙuri zuwa baɗi, babu tara. Na rubuta buƙatun nan da Faransanci mai tsabta. Nan kam sana'ata ta yi rana.

Alhamis: sa hannu

Wakiliyar kamfanin, Madam Ramatu, ta iso sha ɗaya da kwata, motarta duk laka. Ta karanta abin da na rubuta, ta ɗaga kai ta dubi matan.

“Wa ya ba ku wannan shawara?”

“Mu munka ba kanmu,” in ji Yaya Hajo.

Ta koma gefe ta yi waya da shugabanninta kusan minti arba'in. Da ta dawo ta ce sun yarda da kashi ɗaya cikin uku, da biya duka, da cire tara, amma farashi zai ragu kaɗan tunda yanzu su ke ɗauke da kasadar. Matan suka yi ƙus-ƙus. Inna Tani ta gyaɗa kai, aka sallama.

Madam Ramatu ta gyara takarda da biro, ta buɗe tawadar dangwale ta tura gaban Yaya. Yaya ta ture ta, ta ce a ba ta biron. Ta sunkuya, ta dafe takardar da hannun hagu, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, huɗu cif. Ashe rani biyu tana zuwa karatun manya, ba ta taɓa gaya mini ba. Wannan hannun ne ya soya ƙosai shekara shida yana saya mini littafi da alli, lokacin da aka sa ni makaranta ita aka bar ta gida. Na juya kamar ina duban hadari, don kada mata su ga idona.

Juma'a: komawa

Na taso ƙarfe shida na safe da tiya biyu ta tsohon wake da kaza ɗaure a bayan kabu-kabu. Ruwan kwarin ya janye, hanya ta yi sauƙi. Na tsaya Kore Mairuwa na ba Sa'idu labari, na bar masa kazar duk da ƙin da ya yi. Ƙarfe ɗaya saura na shiga Dogon Dutsi, na samu Juma'a.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sa'idu, da direban da ya raba goronsa da ni, da liman, da Inna Tani wadda ba ta ji nauyin katse malami ba. Yaya Hajo kuwa, da na kira ta da yamma in fara yi mata godiya, sai ta ce in bari sai wani lokaci, tana gona, hadari ya taso.