Teburin Bayan Inji

Injin tsaga katakon da muka gada wurin Baba ya girme ni. Gajeren tebur ne na ƙarfe, faifan zarto ya leƙo ta tsakiyarsa, injin gas na jan shi da bel daga gefe. A rumfarmu yake, bayan layin dogo a Kaura Namoda. Saboda gajartarsa mutum ɗaya ba ya iya aiki da shi. Sai wani ya tura falanki ta gaba, wani ya tsaya ta baya ya tarbe shi, in ba haka ba falankin ya rinjaya ya faɗi, ko faifan ya cafke shi ya watso maka a ƙirji. Yayana ke turawa, don shi ne gwani. Ni nake tarba, ina gunaguni.

Da aka ba mu jiha, aiki ya yi mana rubdugu. Kowane sabon ofis na son ƙyaure da benci, kuma kowa cewa yake nasa na gaggawa ne. Wata Talata da hantsi na ishi Yaya da mita, na ce ni ma na isa in tura, ga gemu ga iyali. Ya yi dariya ya koma baya. A falanki na huɗu wani siririn ɓallin katako ya maƙale kusa da faifan, ya miƙa hannun dama zai cire. Na hango hannun ta gefen ido, amma ban daina turawa ba, don ina son ya ga ni ma layina miƙaƙƙe ne. Faifan ya fizgi ɓallin tare da yatsu huɗu.

Inna ta sa aka kai shi gida Zurmi, aka yi ta ɗaura masa magani har hannun ya fara wari. Lokacin da muka isa asibiti a Gusau, likita ya ce sai dai a yanke daga wuyan hannu. Yaya bai taɓa ce mini laifina ne ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya, da na fi samun sauƙi.

Bayan wata biyar ya dawo rumfa, ya naɗe dungun da tsumma, ya tsaya bayan inji. Yana tallafe falanki da dungun, yana ja da hagu. Shekara biyu muka yi haka. In na tura katako ba layin fensir nake kallo ba, hagunsa nake kallo. Wata rana ƙurar katako ta sa santsi ya kwashe shi, ya dafa teburin, tafinsa bai fi faɗin yatsa biyu daga haƙoran ba. Shi ya karkaɗe riga ya ce in turo. Ni kuwa sai da na zagaya bayan rumfa na yi amai.

Da kaka ta yi ya tafi Zurmi yankan gero na kwana huɗu, ni kuma na yi abin da na daɗe ina saƙawa. Na haɗa wa injin tebur ta baya, dogo, wanda zai tarbi falanki shi kaɗai. Na yi masa ƙafafu da itacen kirya, na shimfiɗa katakon madaci a sama na goge shi sumul, na sauke shi ƙasa da teburin ƙarfen da kaurin farce don kada bakin falanki ya yi karo. Ƙarƙashinsa na yi aljihu uku, ɗaya na faifai, ɗaya na sufana da ƙusa, ɗaya na tef da fensir, abubuwan da a da ke zube cikin tsohon daro muna tono su kamar kaji. Na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ban shawarce shi ba, don na san zai hana.

Da ya dawo ya zagaya teburin sau biyu, ya shafa shi da hagu, ya girgiza shi.

"Ƙahwag ga ba ta zauna ba," in ji shi. "Sa mata ɓalli."

Na sa. Ya ce in tada inji ya gani. Na tura falanki, ya ratsa faifan, ya hau teburin ya kwanta luf. Yaya na tsaye gefe yana kallo.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "To, ni ina za ni tsayawa?"

Na riga na shirya amsa, har ina ganin dabara ce. Na ce shi zai riƙa kai mana kaya kasuwar Shinkafi ran Alhamis, kujerun tsuguno da alluna da ƙananan tebura. Ba ƙura, ba ƙara, ba faifai. Ya ce to.

A shekarar ne aka kafa shari'ar Musulunci a jiharmu, kuma ba a daɗe ba rediyo ya ba da labarin an yanke wa wani ɓarawo hannu. Na dama, daga wuyan hannu. Ina cikin rumfa na ji, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da aiki. Wallahi ko kaɗan ban haɗa shi da Yaya ba. A Kaura kowa ya san abin da ya ci hannun, har akwai waɗanda suka taya ni ɗaukarsa ranar. Na manta cewa Shinkafi kasuwar baƙi ce, daga rugage da ƙauyuka da Nijar ake zuwa. Na dai lura ya fara sa riga mai dogon hannu, yana dawowa ba ya hira. Na ce gajiyar mota ce.

Wata Alhamis na bi shi, don akwai ƙyamare biyu da ba zai iya saukewa ba. Tun a mota na ga wata mata ta janye ƙunshinta daga kusa da shi. Da azahar ina sayo mana fura sai na ji ihu daga wajen da muka baje kayanmu. Wani mai tsoffin rediyo ne ya nemi guda ɗaya ya rasa. Kafin in kutsa, mutum uku sun riƙe Yaya.

"Ga shi nan, mai dungu na! An yanke mai guda bai daddara ba!"

"Inji na yac ci shi," Yaya ke cewa, a hankali. "Ni kahinta na."

Ba wanda ya saurara. Suka tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa, suka zazzage aljihu, wani ya warware tsumman ya ɗaga dungun sama don na baya su gani. Na ƙwala wa wanda ya ɗaga dungun ƙwaryar furar a fuska, aka rufe ni da duka. Wani dattijo mai sayar da gishiri, mutumin Kaura, shi ya rantse musu ya san mu ya san ubanmu. Sai aka sake shi, aka ce a yi haƙuri, kowa ya koma ciniki.

A mota na ce gobe zan farfasa teburin, shi ya koma wurinsa bayan inji.

"Bar shi," ya ce. "Ya hi ni iyawa, kai ma ka sani. Kuma yau ba ita ta hwarko ba, yau dai kag gani."

Ban farfasa ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Zurmi, inda aka san shi tun yana goye, ya daina zuwa duk inda za a tambayi ko shi wane ne.

Bayan wasu shekaru babban ɗansa ya samu mata a Galadi. Ranar ɗaurin aure na je na ɗauko Yaya a babur. Ya sha shadda da hula, har yana tsokanata wai ban iya tuƙi ba, ni ko murna ta cika ni. Muna hango rufin kwanon garin ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka ya nufi gindin wata tsamiya.

"Yaya, ɗanka na hwa!"

"Don shi na," ya ce. "Mutanen ga ba su san ni ba. Ba ni so a riƙa nuna yaron ana hwaɗin ɗan wane na. Tahi, ka ce ba ni jin daɗi."

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ya zauna ya gyara rigarsa a kan dungun. Na tada babur na shiga garin ni kaɗai, aka tambaye ni ina uban ango, na ce ba ya jin daɗi.