Kuɗin Sannu

Shekarar da na haifi 'yar farina, a ƙarshen shekarun tamanin, mahaifiyata ta zo London yi mini wankan jego. Ba ta yarda da ruwan zafin Turawa ba, sai ta tafasa nata a tukunya. Ban da wannan, garin ya yi mata.

Wata Asabar muka shiga wani babban kanti a Croydon. An goge daɓe da ruwa, ba a sa alamar santsi ba. Inna ta taka, ƙafa ta tafi gabas, ita ta tafi yamma. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce babu karaya, targaɗe ne a idon sawu.

Ciwon bai dame ta kamar wani abu guda ba. Manajan kantin ya kawo kujera, ya kawo ruwa, ya kira mota, amma bai ce sannu ba.

"Ƙato da shi, da gashin baki," in ji ta. "Ko akuya ce ta faɗi ai a ce mata wani abu."

Maigidana, wanda ya karanta rabin littafin doka ya ɗauka ya gama, ya ce a yi claim, wato a nemi kantin ya biya kuɗin ciwon. Ya kai mu wurin lauya. Lauyan ya bayyana cewa abin hawa-hawa ne: targaɗen da ya warke da wuri kuɗinsa kaɗan, wanda ya daɗe yana hana mutum harkokinsa ya fi tsoka. Na fassara mata, na ce diyya za a biya ta.

"Diyya? Wa aka kashe?"

Sai ta sa na tambaye shi zancen sannu. Ya yi dariya, ya ce kalmar da Bature yake jaje da ita, da ita yake amsa laifi, shi ya sa ake hana ma'aikata furta ta. Inna ta jinjina kai, ta ce lallai mutanen nan suna cikin talauci.

Aka tura mu wurin likitan da zai auna ciwon. A hanya maigidana ya roƙe ta. "Inna, don Allah ki faɗi gaskiya, yana miki zafi."

Likita ya tambayi jiki. Inna, da ƙafa kamar tulu, wadda ko zaman tahiya ba ta iyawa, ta ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa a wurinmu wanda ake karanta wa Yasin ma haka yake cewa. Ya saurara da ladabi, ya rubuta abin da ta faɗa. Maigidana ya ce wannan sauƙin ya ci rabin kuɗin.

Cek ɗin ya iso bayan ta daina ɗingishi. Ta juya shi, ta ce, "To, ina sannun?"

Ta sa mayafi muka koma kantin. Na gaya wa manajan kalma ɗaya ake nema, ba ta kuma amsa laifin kowa: ana faɗa wa mai ciwo, da mai aiki, da wanda ya dawo daga tafiya. Ya duba hagu da dama, ya gyara wuyan riga.

"Sanu," ya ce.

"Bai danna nun ɗin ba," in ji Inna. "Ya sake."

Ya sake, fuskarsa ja wur.

"Yauwa, ɗan nan. Da sauƙi."

Da kuɗin ta saya wa jikarta keken tura jarirai, a kantin nasa.