Da'irar da Ta Ƙi Cika Talatin da Biyu

Akwai ranar da ba zan manta ba, kuma da ana goge rana da na goge ta. Ranar ce na je makarantar ɗiyata a Gummi don in gyara wa malamin lissafi, ni da karatuna ya tsaya a firamare.

Aikin gida aka ba ta. A zana da'ira, a sa ɗigo a bakinta, a haɗa kowane ɗigo da kowane da layi, a ƙirga yankunan da suka fito. Ɗigo biyu yanki biyu, uku huɗu, huɗu takwas, biyar sha shida. Aka ce to shida fa? Ta ɗauko biro za ta zana, na riƙe hannunta.

"Ke, mi za ki zana? Ninkawa yakai. Rubuta talatin da biyu."

"Baba, malam ya ce a gwada."

"Malam ya hi ubanki lissahi?"

Ta rubuta. Aka ba ta sifili, ta dawo tana kuka. Innarta ta ce in bar maganar, amma na zura babbar riga na tafi ƙwato mata makinta.

Malamin bai yi gardama ba. Ya zana da'ira a allo da ɗigo shida, ya ja layukan, ya miƙo mini alli. "Bismilla Baba, ƙirga mana."

Na ƙirga a gaban aji, talatin da ɗaya. Na sake, talatin da ɗaya. Na ce ya ɓoye guda, ai zanensa a karkace yake. Na goge, na zana tawa a tsanake, tazarar ɗigon daidai wa daida kamar ina dashen shinkafa. Na ƙirga da ƙarfi, 'yan aji suna amsawa. Talatin cif! Ashe daidaita tazarar ya sa layuka uku sun haɗu a tsakiya, yanki guda ya ɓace.

Wata ɗaliba daga bayan aji ta ce, "Baba, kada ka sake zanawa, sai su ƙare!" Ajin ya tuntsire da dariya. Ɗiyata kaɗai ta kifa kai a tebur.

Malamin ya tsawatar musu, sannan ya ce mini, "Hasashenka ba wauta ba ne, Baba. Amma ko sau dubu abu ya yi daidai, hasashe ne. Misali guda da ya saɓa ya isa ya rushe shi."

Na roƙe shi ya mayar mata da makin, tunda laifina ne. Ya ce sai ta zana da hannunta. Ta fito tana share hawaye, ta zana, ta ƙirga, ya ba ta rabin makin. Ɗaya rabin ni na cinye mata shi.

Tun daga nan na san ganin abu ya maimaitu bai sa ya zama doka ba. Don Allah, in yaronku ya ce zai gwada, ku sakar masa hannu ya gwada.