Yadda Kawu Ya Koya Mini Karta

Kafin na san cikin gidan yari, ni direban keke napep ne a Tunga. Keken na wani Alhaji ne mai shagon siminti, kullum da yamma nake kai masa balas. Ina da mata da 'ya ɗaya, kuma ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

A bayan wani shagon faci akwai rumfar da direbobi ke hutawa da rana. Nan ake buga wata irin karta da suke kira foka. Da fari kallo kawai nake yi. Wata rana na sa kuɗin shayina, na ci. Kashegari na sa kuɗin mai. Ba a daɗe ba wasu mutum biyu da ke yawan zama a rumfar suka cinye mini balas ɗin Alhaji, suka haɗa da adashen matata. Alhaji ya karɓe makullinsa.

Ina zaune jugum sai wani dattijo ya matso kusa da ni. Kowa Kawu yake ce masa. Mutum ne mai tsabta, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin an cinye shi ba.

Ya ce, "Ɗana, ba rashin sa'a ke damunka ba. Duk lokacin da ka samu karta mai kyau sai ka haɗiyi yawu. Kowa a nan ya san haka, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Na ce, "To Kawu, me ya sa kake gaya mini?"

Ya ce tausayina yake ji. Zuciyata ba ta kwanta da maganar ba, amma ba ni da wata mafita.

Ya ba ni ɗan jari, ya shiga koya mini. Ya nuna mini yadda ake duban hannun mutum maimakon fuskarsa, da lokacin da ya kamata in ajiye karta ko da raina na so. Ya hana ni zuba fiye da ɗan kaɗan daga jarina a zama ɗaya. Ya hana ni wasa ina cikin fushi. Sannu a hankali jarin ya farfaɗo, har na mayar wa matata adashenta. Ta riƙe kuɗin tana kallona, ta ce, "Baban Hauwa, ba ka da keke, daga ina wannan?" Na ce dillanci nake yi.

Duk tsawon lokacin nan Kawu bai nemi ko sisi daga gare ni ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ina jiran ranar da zai faɗi farashinsa, ranar kuwa ta zo. Ya ce, "Ka iya wasa yanzu. Saura ka iya aiki." Aikin shi ne mu je Beji ranar kasuwa, mu zauna kamar ba mu san juna ba. In ya taɓa hularsa in ƙara kuɗi, in na sosa kunne ya san abin da ke hannuna. Manoman da suka sayar da amfaninsu muke nema. Mu bar mutum ya ci sau biyu, sannan mu kwashe shi tas.

Daga nan na daina yarda da kowa. In mai shayi ya dube ni sai in ce ɗan sanda ne. Shi kansa Kawu, kullum ina zargin yana rage mini rabona, shi ma sai ya laluba aljihuna kafin mu rabu.

Wanda ya zama ajalin sana'ar wani manomin doya ne, Malam Danladi. Ya sayar da doyarsa don biyan kuɗin makarantar 'yarsa, muka ja shi rumfa. Da kuɗin suka ƙare ya cire agogonsa ya sa a wasan. Ashe ƙanensa na tsaye a bayana yana lura da kunnen da nake sosawa. Kawu ya riga ni ganinsa. Ya miƙe ya ce, "Bari in kama ruwa." Ban sake ganinsa ba har yau. Ni aka riƙe, aka lakaɗa mini duka, aka kai ni kotu, alƙali ya ɗaure ni.

A gidan yari na tarar da ɗaya daga cikin mutanen nan biyu da suka cinye ni tun farko. Ya yi dariya ya ce, "Kai har yanzu ba ka gane ba? Kawu ne ya sa mu talauta ka. Ba ya ɗaukar yaro sai wanda ya rasa komai." Na zauna a ƙasa.

Da aka sake ni, matata na gidan iyayenta, Hauwa kuma ta ɓoye a bayanta da ta gan ni. Na tuba ga Allah, na kama aikin lambu a wajen Tagwai. Da na tara ɗan abin da ya samu, na nemi Malam Danladi har gida don in biya shi in roƙi gafara. Bai ko ba ni wurin zama ba. Ya ce, "Wane sabon wasa kuma ka zo da shi?" Ya karɓi kuɗin yana juya su yana dubawa ko jabu ne. 'Yar tasa kuwa ta riga ta bar makaranta.

Ƙannena matasa, ku ji daga bakin wanda ya yi. Kada ku tsaya ko kallon caca. In an cinye ku, ku tashi da asararku ku tafi gida, ku faɗa wa iyalinku gaskiya. Kuma duk wanda ya dafa kafaɗarku ya ce zai koya muku yadda za ku mayar da abin da kuka rasa, ku cire hannunsa ku gudu.