Martina da Garin Yayanta

Kai da kake cewa wasan waya aikin marasa aiki ne, ba ka san Martina ba, shi ya sa. Martina mai kitso nake nufi, ta unguwar Jushi, wadda in ta kama kanki sai kin kwana biyu ba ki yi dariya ba. Ita ma da haka take cewa. Waya a wurinta hoton kitso ne da waƙar coci, shi ke nan.

Yayanta Japheth ne ɗan wasan. Gyaran waya yake yi a unguwar PZ, a can ɗaliban jami'a na Samaru suka ja shi cikin abinsu. Shafi ne a intanet, wiki suke ce masa, inda suka ƙirƙiro wata ƙasa da babu ita, kowa da garinsa, yana rubuta mutanensa da kasuwarsa da rigimarsa. Kuma da dokoki kamar kotu. Ba ka taɓa garin wani. Ba ka rubutu da sunan wani. Garin da mai shi ya yi wata guda bai leƙa ba, a rubuta masa "kufai", maƙwabta su raba.

Garin Japheth sunansa Gindin Ɗorawa. Duk abin da ya tuna na ƙauyen babansu marigayi, can ya zuba shi, har rumbun da ya karkace.

Sai babur ya kayar da shi a hanyar Samaru. Aka kwantar da shi a asibitin Shika, ido a buɗe, baki shiru. Wayarsa na hannun Martina lokacin da saƙo ya shigo daga shafin, wai wata ya kusa cika bai leƙa garinsa ba.

Kalmar nan kufai ita ta hana ta cin abinci. Ta sani sarai wasa ne. Amma zuciyarta ta kafe a kan cewa ranar da aka rubuta wa garin nan kufai, Yaya ba zai tashi ba. Tana kitso layi na karkacewa, har wata ta ce, "Ke Martina, layin nan maciji ne?"

Sai ta shiga da sunansa ta rubuta a shafin garin: "Sannu Yaya, Allah ya ba ka lafiya, mun gama azumin kwana uku a coci." Kafin la'asar an goge.

Washegari ta hau bas har Samaru, ta samo mai gogewar a gindin dalbejiya yana cin awara. Dalhatu, shi ne mai kula da dokokin, siriri, da tabarau.

"Malam, kai ne mai goge wa marar lafiya gaisuwa?"

"'Yar'uwa, zauna mana. Yaya jikin nasa?"

"Ka damu da jikinsa ne? Garinsa kuke jira ku raba kamar naman Sallah."

"Wallahi ba haka ba ne. Amma in na bar ki kika yi rubutu da sunansa, gobe kowa ya ba budurwarsa waya. Dokar nan Japheth da kansa ya kawo ta."

Martina ta zauna. Ta san halin Yaya, zai aikata.

Wata mai hijabi ruwan toka da ke gefe, Naila, wadda garinta ke maƙwabtaka da na Japheth, ta ce, "Anti, sabon shiga yana da damar zuwa a matsayin baƙo. Ba ya gini, ba ya rushewa, abin da ya gani kawai yake faɗi. Ban ce zai hana komai ba fa."

Martina ta yi rajista da sunanta, ta shiga a matsayin baƙuwa. Ba ta iya ƙirƙira ba, abin da ta sani ta rubuta: wata mata ta zo Gindin Ɗorawa dubiya, ta kawo ayaba da kunun gyaɗa a fulas, ta zauna a ƙofa ta ce sannu, ba a amsa ba, ba ta tafi ba.

Ta koma Jushi tana duba waya kamar mai jiran sakamakon gwaji. Shiru. Kashegari ma shiru. Ana jibi wata zai cika, sai ga mutanen garin Naila a shafin, sun zo dubiya da lemo. Sai na wani Nwankwo, da doya a kan raƙumi. Wani ya turo makaɗa, aka ce masa ya ji kunya, wurin marar lafiya ne. Kafin ranar, ƙofar garin ba wurin ajiye takalmi.

Ranar ta zo. Martina na zaune gefen gadon Yaya, waya a hannu. Da rana tsaka Dalhatu ya rubuta: "Doka ba ta canza ba. Amma ni ban iya rubuta kufai a garin da ake layin gaisuwa ba. Mai gari na kwance."

Ta karanta wa Japheth, ta jero masa duk wanda ya zo. Har yau bai yi magana ba. Ita ta ce da ta ambaci doya a kan raƙumi gefen bakinsa ya motsa. Nas ta ce ba ta gani ba.

Kullum da safe, kafin ta taɓa kan kowa, sai ta kai kunu Gindin Ɗorawa. To kai mai cewa aikin banza ne, in yayanka ne a kwance, kai za ka iya ce mata ta daina?